SHARHI: Ranar wasa a gabashin Sakkwato: Abin da bencin gidan kallo ke faɗa game da tsaro da tsadar rayuwa

Da hantsin Asabar, tun kafin rana ta take, akan jingine allo a ƙofar gidan kallo. An rubuta da alli sunayen ƙungiyoyin da za su kara, da lokacin kowane wasa, da kuɗin shiga. Mai wucewa a kan babur yakan rage gudu ya karanta, yaron da aka aika kasuwa yakan tsaya ya haddace ya kai wa yayansa labari. A Wurno da Rabah da Goronyo, kamar a sauran garuruwan Arewa, daga wannan allo ranar wasa ke farawa.

A ido, al'amari ne na nishaɗi kawai. Sai dai wanda ya zauna ya lissafa abubuwan da dole su haɗu kafin matashi ya kalli minti casa'in cikin kwanciyar hankali, zai ga cewa allon nan ma'auni ne. Ana buƙatar fetur ko hasken sola, da kuɗin biyan tashar satalayit, da rarar kuɗi a aljihun mai kallo, da hanyar da za a bi a koma gida bayan an tashi. Kowanne daga cikinsu ya shiga matsi a 'yan shekarun nan, kuma yadda al'adun ranar wasa ke sauyawa a wannan yanki yana nuna inda matsin ya fi ciwo.

Kowa da tasa al'ada

Masoyin ƙwallo na gaskiya ba ya shiga gidan kallo kara zube. Akwai wanda ke da gurbinsa a benci na uku daga gaba, kusa da bango, kuma kowa ya san ba a zama masa. Akwai mai rigar ƙungiya da ba ya sa ta sai ranar wasa, in aka ci nasara kuma ba ya yarda a wanke ta kafin wasa na gaba. Wani ba ya kallon bugun fenariti, sai ya sunkuyar da kai ya jira ihun jama'a ya gaya masa sakamako. Wani kuma ya yi imani cewa duk ranar da ya zauna kusa da wani abokinsa sai an ci ƙungiyarsa, don haka sai su gaisa a ƙofa kowa ya nemi nasa ɓangare. Malamai kan ja kunne a kan irin waɗannan camfe-camfe, masu yin su ma sukan yi wa kansu dariya, amma mako na zagayowa sai su koma.

Ranar tana da tsarinta. Manomin rani da ke ban ruwan albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno, ko mai shinkafa a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo, yakan yi sammako domin ya gama aiki kafin azahar. Ɗan acaba yakan ware kuɗin shiga daga cinikin safe. Lokacin wasa kansa yana tafiya da agogon Turai: wasan ƙarfe uku na rana a Ingila ƙarfe uku ne a Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, amma da zarar Turawa sun mayar da agogonsu baya sai ya koma ƙarfe huɗu. A watannin farko na kaka, hutun rabin lokaci kan zo daidai da La'asar, sai a ga gidan kallo ya zama wayam na minti goma sha biyar, mutane sun yi sahu a masallacin kusa. A lokacin hunturu kuwa, take wasa da kiran salla kan yi kicibis, kuma an san masu gidajen da ke kashe sauti har a idar.

A ƙofa akwai wata kasuwa ta daban. Mai shayi ya san cewa cinikin ranar wasa ya fi na sauran ranaku, haka mai rake da mai gyaɗa da mai tsire da mai cajin waya. Bayan an tashi sai a shiga babin da wasu ke ganin ya fi wasan daɗi, wato tsokana. Magoya bayan Arsenal, da ƙungiyarsu ta ƙare a ta biyu sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, sun sha ta. Na Manchester United, da suka ƙare a ta 15 a kakar 2024/2025 sannan Tottenham ta doke su a wasan ƙarshe na gasar Europa, sun fi kowa sanin amfanin kashe waya da daddare. Tsokanar tana da ƙa'ida irin ta wasan taubasai: ana faɗin magana mai zafi, amma ba a riƙe ta, domin wanda ya yi dariya yau shi za a yi wa gobe.

Yadda Landan ta iso bakin Rima

Son wasa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Kafin ƙwallon ƙafa akwai kokawa da dambe da langa a dandali bayan an kawar da amfanin gona. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah kuma ya yi hakimcinta, ya shahara da wasan fives tun yana Kwalejin Katsina, kuma babban filin wasa na Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya sauya shi ne inda ido ke kallo. Zuwan tashoshin satalayit a shekarun 1990, da yaɗuwar ƙananan janareto, sun kawo gasar Firimiya har ƙauye. 'Yan wasan Najeriya ne suka buɗe ƙofar soyayya. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, kuma a watan Oktoban shekarar ya zura wa Chelsea ƙwallo uku a gidanta, abin da dattawan gidan kallo ke ba da labarinsa har yau. John Mikel Obi ya shafe shekaru daga 2006 zuwa 2017 a Chelsea, ya ɗaga Kofin Zakarun Turai a 2012, ya kuma jawo wa ƙungiyar dubban magoya baya. Hamayyar Messi da Ronaldo ta raba wani ƙarni na samari tsakanin Barcelona da Real Madrid. Yau yaro kan gaji ƙungiya daga yayansa ko kawunsa kamar yadda ake gadon sana'a.

Dalilin da ya sa kallon ya zama na taro a bayyane yake. A rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kusan kashi 91 cikin ɗari na al'ummarta. A irin wannan hali, gidaje ƙalilan ne za su iya mallakar dikoda da janareta su kuma biya kuɗin wata. Gidan kallo karo-karo ne: mutum hamsin su haɗa abin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Lissafin da ya daina fita

Karo-karon nan ne tsadar rayuwa ta taɓa. A ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000. A garuruwan da ke nesa da babban birni, inda sau da yawa sai a hannun 'yan bumburutu ake samun mai, farashin yakan ɗara haka. Wutar kamfanin rarraba lantarki kuwa ba abar dogaro ba ce ga wanda ya karɓi kuɗin mutane ya yi musu alkawarin wasa.

A ɗaya ɓangaren, kamfanin MultiChoice mai DStv ya ƙara farashi sau huɗu cikin shekara biyu: a Mayu da Nuwamban 2023, da Mayun 2024, da Maris na 2025. Babban tsarinsa na Premium ya tashi daga naira 21,000 zuwa 44,500 a wata, na Compact Plus kuma daga 14,250 zuwa 30,000. Kamfanin ya danganta ƙarin da faɗuwar darajar naira da hauhawar farashi, domin da kuɗin waje yake sayen haƙƙin nuna wasanni. A Satumban 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamar MultiChoice, wato shawarar abin da ɗan Goronyo zai biya ya kalli ƙungiyarsa ta ƙara nisa da shi.

A ɗauki misali domin a ga yadda lissafin yake. Idan mutum hamsin suka biya naira 200 kowanne, an tara 10,000. A cire kuɗin man da zai riƙe talabijin biyu ko uku da fankoki na tsawon awa biyu zuwa uku, a cire kason kuɗin wata na dikoda, da haya, da ladan yaron ƙofa, da gyaran janareta. Ranar babban wasa akwai riba. Ranar da ƙananan ƙungiyoyi ke wasa, mai gida yakan kunna inji ne domin kada ya rasa abokan ciniki. In ya ƙara kuɗin shiga, waɗanda ya dogara da su ne ke janyewa, domin su ma da kuɗin abinci suke auna kuɗin kallo.

Saboda haka al'adu suka fara bin hali. Wanda a da ke kallon wasa uku a ƙarshen mako yanzu yakan zaɓi ɗaya. Wasu kan shigo bayan hutun rabin lokaci su nemi ragi. Abokai huɗu ko biyar kan haɗa kuɗin data su kewaye waya guda a kan tabarma. Wasu sun koma ga rediyo da sharhin wasanni na Hausa, kamar iyayensu. Masu gidajen da ke da hali sun koma sola, wadda ke cin jari mai yawa da farko amma take raba mutum da layin gidan mai.

Dare ya zama na wasu

Tsada tana rage yawan masu kallo. Rashin tsaro kuwa lokacin kallon kansa yake ƙwacewa. Wasannin Gasar Zakarun Turai na Talata da Laraba kan fara da ƙarfe takwas ko tara na dare agogon Najeriya, su ƙare wajen goma ko sha ɗaya. Ga wanda ke cikin gari, tafiyar 'yan mintoci ce zuwa gida. Ga saurayin ƙauye da ya saba hawo babur ya zo kallo ya koma, wannan tafiya ta zama caca da rai.

Tarihin 'yan shekarun nan ya isa hujja. A watan Yulin 2018, 'yan bindiga sun afka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da talatin, dubbai suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021, ranar kasuwar Goronyo, suka buɗe wuta a kan jama'a, kuma gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya tabbatar da mutuwar mutum 43. A yammacin nan ne Newcastle ke karɓar baƙuncin Tottenham a Ingila, wasan da miliyoyin mutane suka kalla a faɗin duniya. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa Sabon Birni daga Sakkwato, kuma ya rasu a hannun masu garkuwa da shi a watan Agusta. Idan basarake bai tsira a kan hanya ba, ba sai an gaya wa talaka ya kiyayi dare ba.

Matakan da gwamnati ta ɗauka su ma sun taɓa ranar wasa. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, sannan aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da bayanai. Amma jarkar da ɗan bindiga ke kai mai daji da ita, irinta ce mai gidan kallo da mai injin niƙa da mai ban ruwa ke amfani da ita. Dokar ba ta da idon da za ta bambance su.

Akwai kuma tsoron taron kansa. Arewa maso gabas ta riga ta ga yadda gidan kallo ke zama abin hari: a Damaturu ranar 17 ga Yunin 2014, ana tsaka da wasan Brazil da Mexico na Kofin Duniya, da kuma a Konduga a Yunin 2019, inda aka kashe kimanin mutum talatin. A 2014 jihohi irin su Adamawa da Filato sun rufe gidajen kallo saboda haka. Salon 'yan bindigar arewa maso yamma ya bambanta da na Boko Haram, domin su kuɗin fansa da dabbobi suka fi nema. Duk da haka, inda ake zargin akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, zama cikin taro da baƙin fuska ya daina zama abu mai sauƙi. Wannan ita ce ɓarna mafi zurfi: wurin da aka gina a kan yarda da juna ya fara cika da kallon-kallo.

Ƙorafin da ke da tushe

Ba kowa ke baƙin cikin raguwar gidajen kallo ba, kuma masu suka suna da hujjojinsu. Iyaye na kukan yaran da ke barin karatun dare ko aikin gona. Malamai na magana a kan jinkirta salla da zagi da faɗan da kan ɓarke a wasu lokuta. Akwai batun lafiyar ginin: rumfar kwano mai ƙofa ɗaya, da wayoyin wuta a tsirara, da janareta kusa da jama'a. A Afrilun 2017 wayar babban layin lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon wasan Manchester United da Anderlecht, aka rasa rayuka.

Mafi girman ƙorafi a yau shi ne caca. Wayar hannu ta kawo ta har cikin aljihu, kuma saurayin da ba shi da aiki yana iya ɗaukar ta a matsayin hanyar fita. Alamarta ba ta ɓuya a gidan kallo: mutum ya daina murnar nasarar ƙungiyarsa saboda yawan ƙwallayen bai zo daidai da abin da ya zuba kuɗi a kai ba. A Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca da dama, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Ma'ana, Majalisar Dokokin Sakkwato da hukumar Hisbar da gwamnatin Ahmed Aliyu ta farfaɗo da ita suna da damar tsara wannan fage. Abin lura shi ne kada a haɗa kallo da caca a yi musu kuɗin goro. Rufe gidan kallo ba ya rufe manhajar caca, sai ma ya tura saurayi ya yi ta shi kaɗai inda babu babba da zai tsawatar.

Haka nan gaskiya ne cewa wannan dandali na maza ne. 'Yan mata masu son ƙwallo, waɗanda suka yi murna lokacin da Super Falcons ta doke Maroko da ci 3 da 2 ta ɗauki kofin Afirka karo na goma a Yulin 2025, sai dai su bi ta waya ko rediyo a cikin gida. Kuma gaskiya ne cewa soyayyar ta fi karkata waje. Yaron da ya san 'yan wasan benci na Liverpool yana iya kasa kiran sunan mutum uku na Sokoto United, ko faɗin yaushe aka yi wasa na ƙarshe a filin Giginya. Kano ta nuna cewa ba dole ne haka ta kasance ba: Kano Pillars ta lashe gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma jama'a na cika filin Sani Abacha domin ta. Inda aka zuba jari a ƙungiyar gida, masu kallo kan samu.

Benci da akwatin zaɓe

'Yan siyasa sun daɗe da gane darajar wannan taro. Gab da zaɓe akan ga gasar cin kofin wane, da rabon riguna masu hoton ɗan takara, da ɗaukar nauyin kallon babban wasa kyauta. Lissafinsu daidai ne: a rajistar Hukumar Zaɓe ta 2023 mai mutum miliyan 93.4, 'yan shekara 18 zuwa 34 sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ba.

Saurayin da ke zaune a benci ya iya bin diddigi. Ya san nawa aka sayi ɗan wasa, ya san kocin da ya yi alkawari ya kasa cikawa, yana kuma kiran a kore shi bayan wasa biyar. Da za a juya rabin wannan basira zuwa kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, da tambayoyin da ake yi wa shugabanni sun canza. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Matasan Wurno da Rabah da Goronyo suna da haƙƙin sanin nawa ya shigo, da abin da aka yi da shi.

Abubuwan da ranar wasa ke buƙata ba su da yawa, kuma duk suna cikin abin da garuruwan ke buƙata ko babu ƙwallo. Fitilun sola a manyan tituna da mahaɗar hanyoyi. Sintirin jami'an tsaro da rundunar tsaron al'umma ta jiha a hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da gari, musamman ranakun kasuwa. Rajistar gidajen kallo da sharaɗin ƙofa biyu da wayoyi masu kyau, tare da lokacin tashi da hakimai da limamai da masu gidajen suka amince da shi, maimakon umarnin rufewa daga sama. Bashi mai sauƙi domin komawa sola. Fili mai raga biyu a kowace mazaɓa, da gasar da ba ta mutuwa washegarin zaɓe. Kafin 2027, waɗannan tambayoyi ne da za a iya ajiye wa duk ɗan takarar da ya zo da kwalin riguna.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, garin tsaron iyaka, domin mutanen da ke bayanta su yi noma da fatauci da karatu cikin aminci, kuma a can ya rasu a 1837. Kusan shekara 190 bayan haka, jikokin mutanen da ya zaunar suna duba agogo kafin su yanke shawarar tsayawa kallon rabi na biyu. Duk rahoton da gwamnati za ta fitar game da nasarar yaƙi da 'yan bindiga, akwai hanyar gwada shi da ba ta buƙatar ƙwararre. A je ƙofar gidan kallo a Goronyo daren Laraba, ƙarfe sha ɗaya saura, a ƙirga baburan da suka nufi ƙauye bayan alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe.